Ƙaramin ƙamus daga Turanci zuwa Latin: yadda aikin ke tafiya

12 ga Janairu, 2025

Jerin kalmomin Turancin ya kammalu. Na zaɓo waɗanda ɗan sakandare ke amfani da su kullum: na cikin gida, na abinci, na sassan jiki, na dangi, na lokaci, na kasuwa, sai na gaisuwa. Kowace za a nemo takwararta a Latin, a rubuta ma'anarta da Hausa, a kuma saka ta cikin gajeriyar jimla.

Don ɗalibaina nake wannan aiki. Kullum suna rubuta a.m. da p.m. ba tare da sanin cewa *ante meridiem* da *post meridiem* ba ne, wato kafin rana tsaka da bayanta. A ajin ilimin halittu suna haddace sunayen tsirrai ka ce lambobin waya ne, masu niyyar karatun lauya kuma *prima facie* da *habeas corpus* na jiransu a gaba. Fiye da rabin kalmomin da ke cikin babban ƙamus na Turanci daga Latin suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hanyar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila a 1066. Amma kalmomin yau da kullum irin su *water*, *hand*, *tooth* da *house* asalinsu na dangin Jamusanci ne. Shi ya sa yaro ya san *tooth* amma *dentist* ta zo masa baƙuwa. Ranar da ya san haƙori *dens* ne a Latin, hannu *manus*, ruwa *aqua*, to *dentist* da *manual* da *aquarium* sun daina zama abin hadda.

Kayan aiki uku ne. Ƙamus ɗin Smith da Hall na farkon shekarun 1870 yana kai mutum daga Turanci zuwa Latin. Na Lewis da Short na 1879 yana dawo da shi daga Latin zuwa Turanci, da misalai daga tsofaffin marubuta. Duka biyun suna kan intanet kyauta. Na Bargery na 1934 kuma don tantance Hausar. Ba zan karɓi kalma daga na farko ba sai na duba ta a na biyu na ga yadda Romawa suka yi amfani da ita.

Latin ɗin da na ɗauka ma'auni shi ne na zamanin Cicero, marubucin Roma, da Julius Caesar, ƙarni na farko kafin Miladiyya. Duk kalmar da ta zo daga baya zan sa mata alama.

26 ga Janairu, 2025

Kalmomin cikin gida sun yi nisa. Abin da ya ci lokaci shi ne yadda zan rubuta kowane suna, domin a Latin suna ba ya zama da kama ɗaya. Ƙarshensa na sauyawa gwargwadon aikin da yake yi a jimla. Ruwa *aqua* ne idan a kansa ake magana, amma "ina shan ruwa" *aquam bibo* ne, "na ruwa" kuma *aquae*. Irin waɗannan matsayai shida ne, sunayen sun kasu gida biyar, kowane gida da nasa ƙarshen, jinsi kuma uku: namiji, tamace, da wanda bai faɗa ko ɗaya ba.

Saboda haka jerin kalmomi a jimla ba shi ne ke nuna wanda ya yi aiki ba. *Canis puerum mordet* da *puerum canis mordet* duk ma'anarsu kare yana cizon yaro. Sai an ce *canem puer mordet* sannan yaro ya zama mai cizon.

Na kai wa baffana wannan misali, shi da ya daɗe yana karantar da nahawu a zaure. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wannan ai i'irabi ne. Mu rafa'u da nasabu da jarra muke da su a suna, su sun ƙara uku." Na ce, "Haka ne, Baffa." Ya ce, "To ta nan za ka shigar wa yaran, kada ka bi ta Turanci." Shawarar ta zauna mini. Yawancin ɗalibaina sun ratsa Islamiyya, sun san fa'ili da maf'uli, don haka gabatarwar ƙamus ɗin ta nan za ta fara.

Kowane suna zan rubuta shi da kama biyu kamar yadda ƙamusoshin Latin ke yi, ta farko da ta mallaka: *nox, noctis* dare, *rex, regis* sarki, *corpus, corporis* jiki, *iter, itineris* tafiya. Kama ta biyun ce ke nuna saiwar, kuma daga ita Turanci ya fi ɗiba: *nocturnal*, *regal*, *corporal*, *itinerary*.

*House* ta ba ni huɗu. *Domus* gidan iyali, *casa* bukka, *villa* gidan gona, *insula* kuma benen haya da talakawan Roma ke cunkushe a ciki, kalmar da asalin ma'anarta tsibiri ne.

9 ga Fabrairu, 2025

Na sauya tsarin shafin. A da jerin shi ne Turanci, Latin, Hausa. Yanzu Hausa ta dawo tsakiya, kuma ba na taɓa ƙamus ɗin Latin sai na rubuta da Hausa abin da kalmar Turancin ke nufi.

Wata ɗaliba ce ta jawo wannan. Na ba su aikin gida, ta kawo *cibus liber* a matsayin *free food*, ta ce, "Malam, waya ce ta ba ni." Ba laifinta ba ne. *Liber* na nufin ɗa wanda ba bawa ba, mai 'yanci. Abin da aka bayar kyauta *gratuitus* ne, ko a ce an ba da shi *gratis*. Wurin zaman da babu kowa a kai kuma *vacuus*. Na tambaye ta, "Da Hausa me kike nufi?" Ta ce, "Abincin kyauta." Daga faɗar haka ta gane ba maganar 'yanci ake yi ba. Hausarta ta riga ta raba abin da Turanci ya haɗa, sauran aikin ɗauko kalma ne kawai.

Da na bi jerin da wannan ido, sai na ga abin ya yi yawa. *Man* ta rabu biyu: *homo* mutum, ɗan'adam, mace ko namiji, *vir* namiji baligi, har da miji. *Right* uku ce: *dexter* dama, *rectus* daidai ko miƙaƙƙe, *ius* haƙƙi. *Country* tana iya zama *patria*, ƙasar haihuwa, ko *rus*, karkara. *You* ta zama *tu* ga mutum ɗaya, *vos* ga jama'a, ko da yake Latin bai raba kai da ke ba kamar yadda muke yi.

Akwai inda Latin ya wuce mu duka. Tsohon mutum *senex* ne, tsohon kaya *vetus*. Jinin da ke cikin jiki *sanguis*, wanda ya zuba daga rauni *cruor*. Ƙofar gida *ianua*, ƙofar gari *porta*, don haka Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata *porta* ne. Launi kuma ya fi ba ni sha'awa: *ater* baƙi marar ƙyalli, *niger* baƙi mai sheƙi, *albus* fari haka nan, *candidus* fari mai ɗaukar ido. Mai neman muƙami a Roma yakan sa mayafi fari fat da aka goge da alli, sai ake kiransa *candidatus*, inda Turanci ya samo *candidate*. A shafin Hausa na yi amfani da "baƙi wuluk" da "fari fat" don in kusanto da bambancin, duk da ba su zo daidai da daidai ba.

23 ga Fabrairu, 2025

Sashen dangi ya fi kowane sashe daɗin aiki zuwa yanzu.

Uba *pater*, uwa *mater*, ɗan'uwa *frater*, 'yar'uwa *soror*. Kamar da ke tsakanin *pater* da *father* ba aro ba ne, harsunan biyu ne suka gaji kalmar daga kaka ɗaya, kuma zan rubuta hakan a gefe don kada yara su ɗauka duk kama aro ce.

*Uncle* da *aunt* ne suka buɗe mini ido. Bature yana da kalma ɗaya ga kowanne, Baroma yana da biyu, kamar Bahaushe. Ɗan'uwan uba *patruus*, baffa ke nan. Ɗan'uwan uwa *avunculus*, kawu ke nan, kuma kalmar na nufin ƙaramin kaka, daga *avus*. 'Yar'uwar uba *amita*, gwaggo. 'Yar'uwar uwa *matertera*, inna, kuma ana ganin *mater* a cikinta kamar yadda mu ma muke ɗaukarta uwa. Turanci, ta hanyar Faransanci, ya ɗauki *avunculus* ya mai da shi *uncle*, ya ɗauki *amita* ya mai da ita *aunt*, ya bar sauran biyun. Wato kawu da gwaggo kawai ya riƙe, ya ɗora musu aikin mutum huɗu. Da na rubuta wannan a allo ban buƙaci dogon bayani ba. Kowane yaro a ajin ya san baffa daban, kawu daban, a gado da aure da komai.

Surukai ma sun zauna daidai: *socer* suruki, *socrus* suruka, *gener* mijin 'ya, *nurus* matar ɗa. Inda Hausa ta fi Latin shi ne wa da ƙane, ya da ƙanwa. Baroma sai ya ƙara *maior* ko *minor* a kan *frater* kafin a san babba da ƙarami. *Nepos* jika ne, daga baya ta haɗa har da ɗan ɗan'uwa, kuma daga nan *nepotism* ta samo asali, saboda yadda wasu Fafaromomi na da suka riƙa ba 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙamai.

Wani ɗalibi ya tambayi kishiya. Auren Romawa na mace ɗaya ne a doka, don haka ba su da kalmar da ta dace. Akwai *paelex*, amma ita macen da ke tare da mijin wata ce ba da aure ba, kuma sanya ta a gurbin kishiya zai zama cin mutunci da kuskure gaba ɗaya. Ban saka ba.

16 ga Maris, 2025

Azumi ya rage gudun aikin, sai ɗan abin da na taɓa bayan asuba. Na zauna a kan wasula.

Latin yana da dogon wasali da gajere, kuma Romawa galibi ba sa nuna su a rubutu, daidai da yadda bokonmu ke rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya. *Liber* littafi, *līber* mai 'yanci. *Malum* sharri, *mālum* tuffa. *Os* ƙashi, *ōs* baki. Zan sa ɗan layi a kan kowane dogon wasali a bugun ƙarshe.

Furuci iri biyu ake koyarwa. A na zamanin Cicero, harafin c kullum k ne, v kuma w. A na coci, c kafin e ko i ana furta shi kamar c ɗinmu na "ci" da "ce". Na zaɓi na farko. Sunan Caesar shaida ne: Larabci ya adana shi Ƙaisar, Jamusanci Kaiser.

13 ga Afrilu, 2025

Abinci. Na farko sun zo da sauƙi: *panis* burodi, *sal* gishiri, *lac* madara, *mel* zuma, *caro* nama, *piscis* kifi, *ovum* ƙwai, *cepa* albasa, *allium* tafarnuwa. *Oleum* na rubuta man zaitun, domin shi suke nufi. Sukari sun san shi, *saccharum*, amma Pliny Babba, marubucin Roma da ya mutu a shekara ta 79, a matsayin magani ya ambace shi. Zaƙinsu zuma ce.

Daga nan hanya ta toshe. Masara, tumatir, dankali, gyaɗa, rogo da barkono duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su isa Turai ba sai bayan 1492, fiye da shekara dubu bayan faɗuwar daular Roma ta yamma a 476. Babu yadda Cicero zai san su. *Corn* ma tarko ce: a tsohon Turancin Ingila hatsi take nufi, Latin ɗinsa *frumentum*, a Amurka kuma masara. *Millet* tana da *milium*, sai dai wani ƙaramin hatsi ne na can, ba geronmu ba.

Malamar ilimin halittu ta makarantarmu ta zauna da ni muka ware wani sashe na daban don sunayen kimiyya, tsarin suna biyu da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya tabbatar wa tsirrai a 1753. Masara *Zea mays*. Dawa *Sorghum bicolor*, mai launi biyu. Kuka *Adansonia digitata*: kashin farko sunan Michel Adanson ne, Bafaranshen da ya yi nazarin tsirrai a Senegal, na biyu daga *digitus*, yatsa, saboda ganyenta na baje kamar yatsun hannu. Ɗorawa *Parkia biglobosa*, da sunan Mungo Park. Tsamiya *Tamarindus indica*, kuma kashin farkon Larabci ne da aka yi wa rigar Latin, tamar hindi, dabinon Indiya. Ta ce mini, "Malam, da haka aka koya mana tun farko da ba mu sha wahala ba." A gaban kowane irin wannan suna zan rubuta cewa na masana kimiyya ne, ba maganar Romawa ba ce.

4 ga Mayu, 2025

Gaisuwa gajera ce. *Salve* ga mutum ɗaya, *salvete* ga jama'a, ban kwana *vale* da *valete*, kuma duka umarni ne da a kasance lafiya. Na gode, *gratias tibi ago*.

*Yes* ba ta da kalma guda. Ana cewa *ita*, ko *sic*, ko *etiam*, amma abin da suka fi yi shi ne maimaita aikatau: *venisne?* kana zuwa? *venio*, ina zuwa. *The* da *a* kuwa babu su kwata-kwata, na bar gurbinsu da bayani.

Wani abokina ɗan Maraɗi da ya yi karatu da Faransanci ya duba shafukan. Shi abin ya fi masa sauƙi, don Faransanci jikan Latin ne: *pain* daga *panis*, *main* daga *manus*, *eau* daga *aqua*. Sai ya tambaye ni me ya sa doki *equus* ne alhali su *cheval* suke cewa. Amsar ita ce Faransanci daga bakin talakawa da sojoji ya taso, ba daga littattafai ba. *Cheval* daga *caballus* ne, dokin kaya. *Tête* daga *testa*, tukunya ko kasko, alhali kai a rubutu *caput* ne. *Feu*, wuta, daga *focus*, murhu, ba daga *ignis* ba. *Bouche*, baki, daga *bucca*, kumatu. Na ga ya kamata in ƙara wani ɗan gurbi don waɗannan, domin 'yan'uwanmu na Nijar su ma su ci amfanin aikin.

25 ga Mayu, 2025

Wannan makon na bi kalmomin da suke kama da Latin amma ma'anarsu ta kauce. *Doctor* a Latin malami ne, daga *docere*, koyarwa, likita kuwa *medicus*. *Officium* wajibi ne ko aikin da ya rataya a wuyan mutum, ba ɗakin aiki ba. *Familia* ta haɗa duk wanda ke ƙarƙashin maigida har da bayi, daga *famulus*, bara. *Nice* ta fito daga *nescius*, wanda bai sani ba. Waɗannan su ne masu haɗari, domin yaro zai ga kama ya wuce bai duba ba.

A sashen kuɗi na daɗe. *Pecunia* daga *pecus* take, dabbobin kiwo, kamar yadda makiyayi ke ce wa shanunsa dukiya. *Money* daga *moneta* ne, laƙabin wata abar bautarsu, Juno, wadda a kusa da ɗakin bautarta ake buga kuɗin Roma. Dinari da muke ji a zakka da sadaki daga *denarius* ya zo ta Larabci, kuɗin azurfa da aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, ko da yake a hannun Larabawa ya zama na zinariya. Dattawan da suka yi ciniki da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 za su tuna ana rubuta kwabo da harafin d. Wannan d ɗin *denarius* ne, alamar fam kuma L ce ta *libra*, ma'aunin nauyi na Romawa. Kwabon kansa daga *copper* yake, ita kuma daga *cuprum*, ƙarfen tsibirin Kubrus.

Takarda ma masana harshe suna danganta ta da *charta*, ta hanyar harsunan Buzaye da danginsu na arewacin Afirka. Likita, ofis, tebur, fensir da asibiti duk sun biyo ta Turanci daga Latin.

A kan *salary* na rubuta cewa *salarium* tana da alaƙa da *sal*, na tsaya nan. Labarin da ke yawo cewa da gishiri ake biyan sojojin Roma ba shi da madogara a rubutun mutanen zamanin, kuma ba na son in ba yara abin da za su maimaita a matsayin tarihi.

15 ga Yuni, 2025

Bayan Babbar Sallah na gama lokaci da kayan zamani.

*Hora* ba minti 60 ba ce a wurinsu. Suna raba tsakanin fitowar rana da faɗuwarta gida 12, don haka sa'ar bazara ta fi ta hunturu tsawo. Mako mai kwana bakwai ya shigo musu daga baya, a da zagayen kasuwa na kwana takwas suke bi, *nundinae*, kuma *septimana* na cikin kalmomin da na sa wa alama. Satumba daga *septem* ne, bakwai, Disamba daga *decem*, goma, domin tsohuwar shekararsu a Maris take farawa. Yuli da Agusta sunayen Julius Caesar da Augustus ne, aka sa su a shekara ta 44 da ta 8 kafin Miladiyya.

Mota da waya da kwamfuta dole sai ƙirƙira. Gidauniyar Latinitas ta fadar Vatican ta fitar da ƙamus na sababbin kalmomi a juzu'i biyu, 1992 da 1997, mai kalmomi wajen 15,000. A cikinsa kwamfuta *instrumentum computatorium* ce, wandon jins *bracae linteae caeruleae*. Gidan rediyon ƙasar Finland ma ya yi shekara 30 yana watsa labarai da Latin, daga 1989 zuwa 2019. Na ɗauki kaɗan daga irin waɗannan, ban cika ba, domin yawancinsu bayani ne mai tsawo, kuma ba za su buɗe wa ɗalibi wata kalmar Turanci ba. *Bus* na bari da farin ciki: guntun *omnibus* ne, "don kowa", sunan da aka sa wa keken dokin haya a Faransa a shekarun 1820.

Abin da ya rage aikatau ne, kuma shi ne mafi nauyi. Kowanne sai an rubuta shi da kama huɗu, *amo, amare, amavi, amatum*, wasu kuma suna sauya saiwa gaba ɗaya, irin su *fero, ferre, tuli, latum*, ɗauka, wanda *transfer* da *translate* duk suka fito daga cikinsa. Na fara da *get*. A shafin Hausa ta riga ta rabu zuwa karɓa, samu, zama, isa da fahimta. Na cike *accipere*, *fieri*, *pervenire* da *intellegere*. Samu ne ban yanke ba tukuna, tsakanin *nancisci*, samun da ya zo da sa'a, da *adipisci*, samun da aka yi wa wahala, kuma da alama duka biyun za su shiga.